Kwamfutata tana cewa shafi ba shi da tsaro, a waya kuma yana buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Kabuga. Kwamfutar tebur nake amfani da ita, 'yar Beljiyam, Windows 7 ke kanta. Kwanan nan idan na buɗe Chrome sai jan gargaɗi ya tare ni, wai "Your connection is not private". Wata rana duk shafuka ne suke ƙi, har Google. Wata rana kuma Google da Facebook su buɗe, shafukan wasu makarantu su ƙi. A wayata kuwa duk suna buɗewa lafiya lau. Na kai wa mai gyara ya yi mata fomatin, bayan kwana uku abin ya dawo. Bairos ne, ko kwamfutar ce ta gama yayi?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Yadda ka kwatanta abin nan bai yi kama da bairos ba, kuma kwamfutarka ba ta mutu ba. Cuta biyu ce ta haɗu mata, ɗaya a kan ɗaya, shi ya sa alamun suke ruɗa ka. Ranar da duk shafuka suka ƙi har da Google, agogonta ne ya ɓata. Ranar da wasu suka buɗe wasu suka ƙi, wannan tsufan Windows ɗin ne. Fomatin ba ya maganin ko ɗaya, ta biyun ma ƙara ta yake yi. Kuɗin da ka biya dai sai haƙuri.

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a nan Kano, kuma da wuya sati ya wuce ba a kawo mini irin wannan ba, musamman lokacin rajistar jarrabawa, sa'ad da ɗalibai suka cika benci mai shago kuma gumi ya rufe shi. Abin da nake fara koya wa kowa shi ne karanta ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban gargaɗin. Mutane da sun ga jan nan sai su rufe shafin, alhali can ƙasa akwai layi guda da manyan baƙaƙe, shi ne yake faɗin inda ciwon yake. Idan ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, maganar kwanan wata ce. Idan NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID ne, kwamfutar ba ta san wanda ya sa hannu a takardar shafin ba. ERR_SSL_VERSION_OR_CIPHER_MISMATCH kuwa burauzar, wato manhajar buɗe shafuka irin Chrome, ce da shafin suka rasa yaren da za su yi magana da shi. Ka ɗauki hoton layin nan da wayarka duk lokacin da ya fito, zai rage maka yawo.

Wace takarda ake nufi? Kai da kake cike wa mutane fom ka fi kowa sanin yadda ake karɓar takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma. Mai unguwa ya sa hannu cewa ya san ka, a kai gaba, hakimi ya buga hatimi, sannan a je sakatariya. Ma'aikacin da ke sakatariya bai san ka ba, wataƙila mai unguwarku ma bai san shi ba, amma ya san hatimin hakimi, kuma a kansa yake dogara. To haka shafukan da adireshinsu ya fara da https suke. Kowane yana riƙe da satifiket, takardar da ke cewa lalle wannan shafi na wane ne. Wani kamfani ne ya sa mata hannu, shi ma wani na sama da shi ya sa masa, har a kai ga na ƙoli, wanda ake kira tushe. A cikin kwamfutarka akwai kundin da aka tara hatiman waɗannan tushen. Da ka buɗe shafi, burauza za ta duba abu uku cikin ƙiftawar ido: sunan da ke takardar ya yi daidai da adireshin da ka rubuta? Wa'adinta bai ƙare ba? Jerin sa hannun ya kai ga hatimin da ke cikin kundinta? Ɗaya ya ƙi, sai ta tare ka. Wayarka tana buɗewa ne domin agogonta daga kamfanin layi yake karɓar lokaci, kundinta kuma sabo ne.

Mu fara da agogo, don shi ne mai sauƙi kuma shi ne ya fi yawa. Gobe da safe, da ka kunna kwamfutar, kafin ka buɗe komai, dubi kusurwar dama ta ƙasa. Kada ka tsaya a ƙarfe nawa, dubi shekarar. Za ka iya tarar da ita a 1 ga Janairu na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Kowace takardar shafi tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma wa'adin gajere ne: a Satumbar 2020 burauzoci suka daina karɓar wadda ta wuce kwana 398, na Let's Encrypt ma, wata ƙungiya mai ba da irin wannan takarda, kwana 90 ne kacal. Idan kwamfutarka tana zaton 2009 ake ciki, aka miƙa mata takardar da aka rubuta watan jiya, a wurinta ranar takardar ba ta zo ba tukuna. Dole ta ƙi, kuma kowa za ta ƙi, har Google.

Abin da ke riƙe agogon nan idan babu wuta ɗan batir ne zagayayye kamar kwabo, yana manne a jikin madabod, wato babban faifan da ke cikin akwatin kwamfutar, an rubuta CR2032 a jikinsa, bolt 3. A yawancin kwamfutocin tebur, muddin filogi yana jikin soket kuma akwai wuta, ko an kashe kwamfutar, ba a cin batirin nan sosai. Sai an ɗauke wuta ko an zare filogi yake ɗaukar nauyin shi kaɗai. Ka lissafa awa nawa shagonka yake samun wuta a rana, ka haɗa da cewa kwamfutar ta yi shekaru a wani ofis a Turai kafin a loda ta a kwantena, ka ƙara da zafin Afrilu. Ba abin mamaki ba ne batir ya mutu. Wannan ne ma ya sa fomatin ya yi kamar ya yi aiki: mai gyaran ya saita kwanan wata lokacin da yake ɗora Windows, agogo ya ci gaba da tafiya da ɗan ragowar ƙarfin da ke akwai, ranar da ta kwana babu wuta sai ya koma gidan jiya. Idan kana ganin baƙin allo da safe yana neman ka danna F1 kafin ta tashi, ko rubutu mai ɗauke da CMOS, ko "Time & Date Not Set", to babu sauran shakka.

Da kanka za ka iya canja shi. Ka kashe ta, ka zare filogi, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wutar ta fita. Buɗe murfin gefe. Ina gaya maka tun yanzu, za ka tarar da ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta yi wa komai bargo, wani lokaci sai na hura kafin batirin ya nuna fuskarsa, yana sheƙi a cikin ɗan gurbinsa baƙi. Taɓa ƙarfen jikin akwatin da hannunka tukuna, sannan ka nemi wani ɗan harshen ƙarfe a gefen gurbin, ka tura shi baya da farce, batirin zai yi tsalle ya ɗago da kansa. Kada ka sa sukudireba ka banƙare shi, na ga waɗanda suka karya gurbin ta haka, aka koma neman mai walda. Sabon zai shiga ne fuskar da ke da alamar + tana sama. Ana samunsa wurin masu gyaran agogo, da masu kayan kwamfuta a Beirut Road ko Farm Centre, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. Sai dai akwai wanda ya tsufa a shago tun kafin a saye shi, don haka idan mai shagon yana da mita ka ce ya auna maka, sabo yakan nuna bolt 3 da ɗan ɗoriya. A laftof ya fi wahala, sau da yawa batirin a naɗe yake da roba da 'yar waya mai baki biyu, wani ma a ƙarƙashin kibod, wannan gara a kai wa mai gyara.

Bayan ka mayar da murfi, shiga BIOS, wato allon saiti da ke zuwa kafin Windows, da ka kunna ta, a HP da F10, a Dell da F2, a wasu da Delete, ka saita rana da wata da shekara, ka adana. Ka kula, da yawansu tsarin Amurka suke bi, wata kafin rana. Idan kuma bayan canjin Windows ta ƙi tashi, ta nuna shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, kada gabanka ya faɗi, saitin SATA, wato yadda kwamfutar ke magana da ma'ajiyar bayananta, ne ya koma na asali. Koma BIOS ka juya shi tsakanin AHCI da IDE, za ta tashi.

A cikin Windows ɗin ma akwai gyara biyu. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta timedate.cpl. Na farko yankin lokaci: masu ɗora Windows da gaggawa sukan bar shi a Pacific Time, na yammacin Amurka, su juya agogon kawai ya yi daidai da na bango. A ido daidai ne, a lissafin kwamfutar kuwa akwai tazarar awa takwas ko tara. Zaɓi West Central Africa, mai UTC+01:00. Na biyu, a Internet Time ka danna Update now. Wani zai ce to me ya hana Windows gyara agogon da kanta tunda tana da intanet? Windows 7 sau ɗaya a sati take daidaita lokaci, kuma idan kuskuren ya wuce awa 15 ba ta yarda ta gyara da kanta. Sai ka fara kawo shi kusa da hannu.

Yanzu cuta ta biyu, wadda ta fi ba mutane wahala domin agogo daidai yake amma wasu shafukan suna ƙi. A nan kundin hatimai ne ya tsufa. Tushe ma yana da wa'adi, sai dai nasa dogo ne, shekara ashirin ko fiye. Na farkon zamanin intanet yanzu suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. AddTrust External CA Root ya ƙare ranar 30 ga Mayu 2020. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne DST Root CA X3, ranar 30 ga Satumba 2021. A kansa Let's Encrypt ta jingina tun farkonta, ita kuwa kyauta take ba da satifiket, don haka ɗimbin ƙananan shafuka, na makarantu da jaridu da ƙungiyoyi, nata suke riƙe da shi. Tana da nata tushen, ISRG Root X1, wanda aka yi a 2015 kuma zai kai Yunin 2035. Duk na'urar da ta san wannan sabon hatimi ko a jikinta. Wadda ba ta san shi ba, daga ranar nan ta fara korar shafuka, wani lokaci ma da saƙon DATE_INVALID alhali agogonta lafiya yake, domin tsohon tushen da ya ƙare take bi. Manyan kamfanoni kuwa takardunsu sukan kai ga tushe irin na DigiCert da GlobalSign, waɗanda suka daɗe a cikin na'urori, shi ya sa nasu ke buɗewa. Su ma lokacinsu na zuwa: tsohon tushen GlobalSign na 1998 a Janairun 2028 zai ƙare.

A ƙa'ida Windows 7 tana iya ɗauko sabon tushe da kanta daga Microsoft duk lokacin da ta ci karo da wanda ba ta sani ba. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Windows ɗin da ake ɗora wa mutane a kasuwa yawanci daga filash guda ce da ta yi shekaru tana zagaye, an yi mata kwaskwarima, an kashe mata duk hanyar sabuntawa don kada ta yi ƙorafin lasisi ko ta cinye data. Tare da ita ake ɗora tsohon Chrome daga filash ɗin, shi kuma tsohon Chrome da Internet Explorer kundin Windows suke dubawa, ba su da nasu. Ka ga ke nan fomatin ya goge 'yan hatiman da kwamfutarka ta tara a baya, ya mayar da ita ranar da aka haɗa wannan filash. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Don ka tabbatar, Windows da R, rubuta certmgr.msc, buɗe Trusted Root Certification Authorities, sannan Certificates, ka nemi ISRG Root X1 a jerin. Idan babu shi, ka kama ɓarawonka. Za ka ga wasu a jerin da wa'adinsu ya ƙare tun tuni, kada ka ce za ka yi shara ka goge su, Windows tana buƙatar wasunsu don gane tsofaffin manhajoji da direbobi.

Hanya mafi sauƙi, kuma ita nake fara ba masu shago, ita ce Firefox. Ita ba ruwanta da kundin Windows, da nata take zuwa, kuma da nata injin ɓoye bayanai. Na ƙarshe da ke hawa Windows 7 shi ne Firefox 115 ESR. Ka nemi mafi sabunta a jerin 115 ɗin, kada ya gaza 115.13, domin waɗanda suka gabace shi wani tushe na cikin gida ya ƙare musu a Maris 2025. Tunda kwamfutar taka ba lalle ta buɗe shafin Mozilla, masu Firefox, ba, sauke shi a wata kwamfutar mai lafiya daga shafin Mozilla kansa, ka kawo a filash. Ka duba ko Windows ɗinka 32 ce ko 64 kafin ka sauke. Idan ya ƙi hawa, to Windows ɗin ba ta da Service Pack 1 ko ba ta da sabuntawar nan mai lamba KB4474419, wadda ke koya mata gane sa hannun zamani na SHA-2. Ana samunta a Microsoft Update Catalog, tare da 'yar'uwarta KB4490628. Waɗannan biyun kowace Windows 7 da ke raye ya kamata a ce tana da su, ko don direbobin firinta. Chrome kuma, idan ba za ka iya rabuwa da shi ba, 109 ne na ƙarshe da Windows 7 ke ɗauka, na Janairun 2023, daga nan ba a sake yi masa gyara ba.

Idan kana son gyara kundin Windows ɗin kansa, saboda akwai manhajojin da ba burauza ba da suke dogara da shi, ga yadda ake yi. A na'ura mai lafiya shiga letsencrypt.org, sashen Certificates, sauke ISRG Root X1, fayil mai ƙarewa da der. Kawo shi, danna shi sau biyu. Kafin ka girka, shiga Details ka gangara zuwa Thumbprint: ya fara da ca bd 2a 79, ya ƙare da 43 29 a5 e8. Idan ya yi daidai, danna Install Certificate, zaɓi Place all certificates in the following store, ka nuna masa Trusted Root Certification Authorities, ka amsa gargaɗin, ka sake kunna kwamfutar. Sannan, idan Windows ɗinka tana da gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, System, Internet Communication Management, Internet Communication settings, ka nemi Turn off Automatic Root Certificates Update. Idan an sa shi a Enabled, wato an toshe hanyar ke nan, mayar da shi Not Configured.

A nan zan ja kunnenka sosai, Malam. Girka tushe kamar ka ce wa maigadinka ne duk wanda ya zo da hatimin wane a buɗe masa ƙofa ba tambaya. Wanda ya samu ya saka maka tushensa na bogi zai iya ƙera takardar kowane banki, kwamfutarka ta karɓa ba tare da gargaɗi ba, ɗan kwaɗon nan ma ya fito a gefen adireshi. Saboda haka kada ka taɓa girka satifiket da aka turo a WhatsApp, ko wanda wani shafi ya ce sai ka girka kafin ka kalli bidiyo, ko tarin da wani ya haɗa a fayil guda ya ce maganin duk matsala ne. Daga mai shi kawai, kuma sai ka duba lambar.

Saƙo na uku, mai VERSION_OR_CIPHER_MISMATCH, ko Internet Explorer ya ce kawai ba zai iya nuna shafin ba, ba ruwansa da takarda. Yaren ɓoye bayanai ne, TLS. Na 1.0 tun 1999 yake, 1.2 ya zo a 2008, 1.3 a 2018, kuma a 2020 manyan burauzoci suka yi watsi da 1.0 da 1.1, shafuka da yawa ma suka daina amsa su. Windows 7 ta iya 1.2, amma a Internet Explorer 8 zuwa 10 a kashe yake zuwa. Windows da R, rubuta inetcpl.cpl, shiga Advanced, gangara ƙasa ka sa alama a Use TLS 1.2. Masu Windows XP kuwa, da har yanzu ina gani a wasu shagunan saboda tsohuwar firinta ko sikana, Internet Explorer 8 nasu a 1.0 ya tsaya. Chrome ya bar su a 49, Firefox a 52.9 ESR. Wannan na ƙarshen zai buɗe wasu shafuka, amma ni ba na ɓata wa mai XP lokaci, cewa nake a zare mata intanet a bar ta da aikin bugu.

Akwai kuma lokacin da laifin ba na kwamfuta ba ne sam. Idan datarka ta ƙare, wasu layukan sukan karkatar da kai zuwa shafinsu na sayen data. Kai ka nemi shafin makaranta, wani ya amsa da takarda mai wani suna, sai ka ga COMMON_NAME_INVALID. Haka waifai na otal ko makaranta mai neman a fara shiga da lamba. Jona kwamfutar da hotsifot na wata wayar ka gani. Wani lokaci kuma antibairos ne, irin wanda ke tsayawa tsakaninka da shafi yana bincike, ya tsufa ko lasisinsa ya ƙare. Danna "Not secure" a gefen adireshi, buɗe Certificate, dubi Issued by. Idan sunan antibairos ɗinka ka gani, kashe masa binciken https ko ka cire shi. Idan baƙon suna ne da ba ka san daga ina yake ba, to a nan kam maganar bairos ta taso, ka duba Connections da LAN settings a cikin inetcpl.cpl ko an saka maka wani firoksi, wato ɗan tsakani da ake karkatar da intanet ɗinka ta wurinsa. Idan kuwa shafi guda ne tak, kuma a wayarka ma ya ƙi, masu shafin ne suka bari takardarsu ta ƙare. Yana faruwa, har a shafukan da ba ka zata ba. Babu abin da za ka gyara, sai jira.

Na san abin da ke ranka, don kowa yana tambaya: ai akwai Advanced, a ƙasansa akwai Proceed, me zai hana in danna in wuce? Idan labari za ka karanta a jarida, kuma ka riga ka san dalilin gargaɗin, ba zan ce ka yi zunubi ba. Amma aikinka ba karatun jarida ba ne. Lambar NIN ta mutane kake shigarwa, da BVN, da hotunansu, da lambobin katin banki lokacin biyan kuɗin makaranta. Amana ce a hannunka. Burauza ba ta iya bambance maka tsakanin gargaɗin da mataccen batir ya jawo da wanda ɗan damfara ya jawo idan ka saba dannawa ka wuce, duk ja ɗaya ne. Wasu shafukan ma, kamar Google da bankuna da yawa, sun umarci burauza kada ta ba da wannan ƙofa ko kaɗan, shi ya sa wani lokaci ba ka ganin Proceed ɗin.

Bara wani mai shago irin naka ya kawo mini tasa, firinta ce ta ƙi, ba maganar intanet ba. Yana ta yabon wani yaro da ya raba shi da jan gargaɗin nan gaba ɗaya, wata shida bai sake gani ba. Na dubi kusurwar allo, shekarar ta yi baya da fiye da goma, amma shafuka suna buɗewa kamar ba komai. Na danna tambarin Chrome da maɓallin dama, Properties, sai ga shi a layin Target, bayan chrome.exe an ƙara --ignore-certificate-errors. Wato an ce wa burauzar ta daina duba takardar kowa. Wata shida yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yan mutane da katinsu a haka. Da na yi masa bayani sai ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe bai ce komai ba. Kai ma tunda taka ta je hannun mai gyara, duba layin nan. Bayan chrome.exe da alamar rufe zance bai kamata a ga wannan ba.

Game da ko ta gama yayi: ƙarfenta da sauransa, Windows ɗin ce ta gama. Microsoft ta daina yi wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Duk abin da na lissafa zai sa shafuka su buɗe, amma ba zai toshe ramukan da aka gano a jikinta daga wannan rana zuwa yau ba, Firefox 115 ɗin ma an sha ƙara masa wa'adi, amma ba abu ne mai ɗorewa ba. Idan Core i3 ce ko i5, da RAM giga 4 zuwa sama, sa mata SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ka ɗora Windows 10 ta asali, za ta ɗauka, kuma matsalar tushe da TLS za ta tafi, kodayake ita ma 10 ɗin wa'adinta na gama-gari ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025. Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana tafiya da kyau a tsofaffin kwamfutoci kuma ana sabunta ta, sai dai na san abincinka yana jikin CorelDraw da Word, ga direban firinta, don haka ba zan tura ka can kai tsaye ba. Abin da na ga ya fi yi wa masu shago aiki shi ne raba aikin biyu: tsohuwar ta zauna da bugu da zane da sikanin, duk abin da ya shafi kati da lambar sirri kuma a yi shi a wata na'urar da ake sabuntawa, ko da laftof ɗaya ce ta hannu, ko wayarka kafin ka samu hali.

Gobe dai ka fara da shekarar da ke kusurwar allo, da batir. Ka bar ta ta kwana biyu filogi a zare, ka ga ko agogon ya riƙe. Idan ya riƙe, ɗora Firefox ɗin ka gwada shafukan makarantun nan da suka ƙi. Wanda ya sake ƙi a cikinsu, turo mini hoton ƙaramin layin da ke ƙarƙashin gargaɗin, da abin da aka rubuta a Issued by.